Wutar sola a motar kwana: abin da ke kashe batir kafin shekara a Sakkwato

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne. Daga tsakiyar hunturu har zuwa faɗuwar ruwa ba ya zaman gida: yau yana Goronyo, gobe Gada, jibi Wurno, ranar kasuwa kuma ya faɗa Illela. Da ya gaji da kwanan rumfa da cizon sauro, sai ya sa aka cire kujerun baya na tsohuwar bas ɗinsa, mai walda ya yi masa ɗan gado da akwatin ajiya, motar ta zama ɗaki. A Turai da Amurka akwai motocin da aka ƙera musamman don haka, da gado da madafi da banɗaki. Tasa ta gida ce. Kuma ba a daji yake kwana ba, halin da gabashin jihar ke ciki ya hana kowa wannan ganganci. A tasha yake tsayawa ko bakin kasuwa, inda akwai jama'a amma babu wuta.

Da farko ƙaramin janareto yake ɗauka. Bayan 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta taɓa 1,000, sai ya ce ya bar shayar da inji. Ya shiga wani shago a cikin gari ya fito da farantin sola guda mai rubutun wat 300, da batirin babbar mota, da wata 'yar kwantirola mai shuɗin fuska, da inbata da aka rubuta wa 3,000 a gefe. Sati biyun farko har waya ya yi mini don in ji ƙarar fanka. Kafin wata biyar, fankar na tsayawa da ƙarfe ɗayan dare.

"Yaro," in ji shi, "kai da kay yi boko, zo ka duba mani. Rana ga ta nan kamar ta ƙone mutum, amma wai babu wuta."

Gaskiyarsa ce game da rana. Sakkwato na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya, ba banza ba ne Cibiyar Binciken Makamashi ke zaune a Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun farkon shekarun 1980. Ba rana ce ta gaza ba. Abin da ya faru shi ne an sayi kaya kafin a yi lissafi, kuma rubutun da ke jikin kayan ba don irin zafinmu aka yi shi ba.

Hanyar da na bi na fahimtar da Kawu ita ce hanyar noma. Farantin sola gona ce, da rana kaɗai take ba da amfani. Batir rumbu ne. Fanka da firiji da wayoyi su ne bakunan da ke ci. Babu magidancin da zai gina rumbu bai san yawan iyalinsa ba, amma a harkar sola kusan kowa haka yake yi: ya fara tambayar kuɗin faranti kafin ya ƙirga bakuna.

To, mu ƙirga. Kowane kayan wuta akwai adadin wat a jikinsa, wato ƙarfin jan wutarsa. A ninka shi da awannin da yake aiki a yini, abin da ya fito shi ne cinsa, ana kiransa wat-awa. Fankar Kawu mai aiki da batir kai tsaye wat 20 ce, tana juyawa awa 10, cinta 200. Ƙwan fitila uku masu wat 5, awa biyar, 75. Wayoyi huɗu da na'urar POS, a ba su 80. Ƙaramar talabijin mai wat 40, awa uku, 120. Duka waɗannan 475 ne kacal. Sai firiji. Ƙaramin firijin mota mai kwamfuresa yana jan kimanin wat 45, kuma ba ya aiki dare da rana ba tsayawa, yana yi yana hutawa. A ƙasa mai sanyi hutunsa ya fi aikinsa yawa. A watan Afrilu a Sakkwato kuwa, sai ya yi awa 14 yana gurnani, wato 630. Firiji shi kaɗai ya fi sauran kayan gaba ɗaya ci. Jimla 1,105. A ƙara rubu'i a kai saboda abin da ke zubewa a waya da batir da kwantirola, sai a ce 1,400 a yini.

Wannan lamba ita ce uwar komai. Wanda zai iya haƙura da ruwan sanyi ya riƙa sayen ƙanƙara yana zubawa a kula, buƙatarsa ba ta wuce 600 ba, kuma kuɗin da zai kashe bai kai rabin na mai firiji ba. Kawu ya ce shi kam ruwan sanyi ba a cikin ciniki yake ba. Na ce to, sai a gina rumbu daidai da shi.

Yanzu gona. Adadin wat da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, jikin farantin kuma yana digiri 25. Wannan digiri 25 shi ne inda aka bar mu a baya. Faranti haske yake so, ba zafi ba. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, yana rasa tsakanin kashi 0.3 da 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. A bazara, lokacin da iskar gari kanta ta wuce digiri 40, baƙin gilashin da ke kwance a saman ƙarfen mota zai iya kaiwa 70. Bambancin digiri 45 ke nan, asarar kashi 13 zuwa 18 cikin ɗari. Mai wat 400 ya koma kamar 330, tun ba a yi maganar ƙura ba. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, faranti ya fi jin daɗin safiyar watan Nuwamba mai sanyi da sararin sama tas fiye da tsakar ranar Afrilu da muke ganin ita ce rana.

Saboda haka idan za a ɗaura shi, kada a manna shi da rufin mota. A ɗaga shi a kan ƙarfe, a bar tazarar yatsu huɗu zuwa biyar don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Akwai wasu faranta masu lanƙwasuwa kamar tabarma da ake liƙawa da gam, suna da kyan gani kuma ba su da nauyi, amma tunda ba su da wurin shan iska, zafi na dafa su da wuri. Ni dai ban ba kowa shawarar su a nan ba. Akwai ma wata riba ta gefe ga wanda ya ɗaga: farantin ya zama rumfa, cikin motar ya rage zafi.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na yi wa sola illa biyu: hazo ya rage hasken tun daga sama, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashi. Na farko ba yadda za a yi da shi. Na biyu tsumma mai laushi da ruwan buta ne maganinsa, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi. Mai bin hanyar ƙasa, kamar Kawu, kullum ya kamata ya goge, ba sai ya tuna ba.

Idan aka haɗa zafi da ƙura da sauran asara, abin da ke shiga rumbu bai fi kashi 70 cikin ɗari na abin da aka rubuta ba. Kuma ko da yake rana na yin kusan awa 12 a sama, idan aka tattara ƙarfinta wuri ɗaya daidai yake da awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana. Lissafin sai ya zama: 400 sau 5.5 sau 0.7, ya ba da 1,540. Ya rufe 1,400 ɗinmu da ɗan canji. Da wat 300 ne na gaskiya, 1,155 zai bayar, bai kai ba.

Na ce "na gaskiya" ne saboda na Kawu ba shi ba ne. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar na'ura, tef ɗin tela ya isa. Farantan zamani na ba da wat 200 zuwa 220 a kan kowace murabba'in mita, ba su wuce nan da yawa ba. Na auna nasa: tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi santimita 67, wato murabba'in mita ɗaya cif. Ko da na kamfanin da ya fi kowanne ne, ba zai wuce 200 da 'yan kai ba. Takarda ce kawai aka liƙa. Faranti mai wat 400 na gaskiya ya kusa murabba'in mita biyu, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin daɗi.

Maganar fuskantarwa ba ta da tsawo. Sakkwato na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka wanda zai kafa a gida ko bukkar gona ya karkata shi kudu kaɗan, kamar digiri 13 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma rana ta arewa da mu take bi da tsaka. Ga mota, a shimfiɗa shi kwance kawai, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi karkata muhimmanci shi ne inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke kamar raƙuman ayari, idan na tsakiya ya durƙusa na baya ba sa wucewa. Galibi an raba su rukuni uku, kusurwa ɗaya da tamfol ko buhu ko tayar sifiya ta rufe tana iya kwantar da rukuni guda, sulusin wutar ke nan. Na samu igiyar ɗaure kaya a miƙe bisa farantin Kawu daga wannan gefe zuwa wancan, yaran mota ne suka ga wuri.

Mu zo kan rumbu, inda kuɗi ke mutuwa.

Batirin da Kawu ya saya na tayar da inji ne. Irin wannan an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku, injin ya tashi, altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar nan take. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne. Ba a yi shi don a tatse shi dare guda a hankali, gobe a sake ba. Mai yin wannan aikin shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira tubula, dogon nan mai murafe a sama, ko kuma litiyam.

Ko tubula ma akwai ƙa'idarta: rabi ake ci. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 (ma'aunin girman batir ke nan) yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200, amma naka 1,200 ne. Sauran rabin kamar iri ne, wanda ya cinye shi ya ci noman baɗi. Na Kawu 100 ne, wato 600 ne halalinsa, alhali daga magariba zuwa hantsi kayansa na cin kusan 900. Kowane dare yana ƙarar da rumbun har ƙasa, kowace rana kuma gonar ba ta iya cika shi. Batirin dalma idan ya daɗe bai cika ba, wani abu kamar gishiri na daskarewa a jikin farantansa, ya taurare, wurin ya daina karɓar caji har abada. Shi ya sa za ka ga batir na nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya kuma sauka cikin awa ɗaya. Ba cika ya yi ba, rumbun ne ya koma kwando. Da ƙaramar mita ake gane halinsa: bayan ya huta ba caji ba ja, bolt 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi ne, idan kana ganin 11.8 kowace safiya to ka fara tara kuɗin wani.

Ga kuma zafi, wanda mai shago ba zai ambata ba. Shekarun da aka ce batirin dalma zai yi, a digiri 25 aka ƙiyasta su. Duk ƙarin digiri 10 na dindindin yana raba wannan rayuwa biyu. Cikin mota a rufe, a rana, a watan Afrilu, zafi na iya wuce 55. Kowa ya yi lissafin da kansa. Wurin ajiyar batir ya zama ƙasa-ƙasa, nesa da inji da bututun hayaƙi, ba jikin bangon da rana ke duka ba. Tubula kuma tana shan ruwa sosai a nan, a riƙa buɗe murafen ana dubawa, a ƙara ruwan batir tsantsa, ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba. Wani abu da bai kamata mai kwana a mota ya yi wasa da shi ba: tubula na fitar da iskar haidurojin idan tana caji, iska ce mai kamawa da wuta da ƙyas ɗaya. Dole a sa ta a akwati mai hanyar iska zuwa waje. Kuma ruwa ne a cikinta, hanya mai gargada na iya fantsalar da shi, ga nauyi, mai 200 ta kai kilo 60.

Litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, ya fi tsada a ranar saye, a nan ne mutane ke juya baya. Amma ana cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da ya ji ciwo ba, don haka mai 200 na ba da sama da 2,000. Nauyinsa bai kai rabin na tubula ba, ba ya shan ruwa, ba ya fitar da waccan iska, ba ya damuwa idan bai cika ba yau, kuma ana cika shi a sauke sau dubbai, inda na dalma ke yin ɗaruruwa zuwa dubu da 'yan kai. Shi ma ba waliyyi ba ne a zafi: masu ƙera shi kan sa iyakar caji tsakanin digiri 45 da 55, kuma akwai wata 'yar na'ura a cikinsa da ke yanke wuta idan abin ya wuce gona da iri. Ga gida, inda batir zai zauna a daɓe cikin inuwa, ban ga laifin tubula ba. Ga mota da mutum ke kwana ciki, ra'ayina litiyam ne, ko da ƙarami ne. Sai dai a kula, kasuwar ta cika da waɗanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa musu sabuwar riga. A nemi takardar garanti a rubuce, a kuma ɗaga a ji: mai amfiya-awa 100 na gaske yana kai kilo 10 zuwa 13.

Tsakanin gona da rumbu akwai mai tsaron ƙofa, kwantirola, aikinta ta hana batir ƙoshi fiye da kima. Iri biyu ce, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato. Ta arha, PWM, tana janyo farantin ƙasa ne ya daidaita da bolt ɗin batir, rarar ta tafi a banza. Da ƙananan farantan da aka yi don batirin 12, asarar da sauƙi. Amma babban faranti mai wat 400 yana aiki ne a kusan bolt 31 da amfiya 13. Haɗa shi da PWM, amfiya 13 ɗin nan ce za ta shiga a bolt 14, wato wat 180. Ka biya kuɗin 400 kana karɓar ƙasa da rabi. Ɗayar, MPPT, tana karɓar rarar bolt ta juya ta ta zama ƙarin amfiya, sai ka ga ashirin da wani abu na shiga. Ga wat 400 a kan batirin 12, mai amfiya 30 ko 40 ake nema. Akwai na jabu da yawa, PWM ce aka rubuta mata MPPT. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu saboda naɗin tagullar da ke ciki, bayanta kuma ƙarfe ne mai tsaga-tsaga don fitar da zafi. Wadda ta yi sakayau kamar akwatin ashana, rubutu ne. Wajen haɗawa kuma batir ake fara ɗaura mata, sannan faranti. Wajen kwancewa faranti ake fara cirewa. Wanda ya juya wannan tsari yana iya ƙona ta kafin ta yi aikin yini ɗaya. Idan batirin litiyam ne, a tabbata an shiga saitinta an gaya mata.

Inbata kuwa injin niƙa ne: tana mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, kuma tana cire ladanta. Abin da mutane ba su sani ba shi ne tana ci ko ba a jona mata komai ba. Babba irin ta Kawu na iya jan wat 25 tana zaune. A bar ta kunne dare da rana, 600 ke nan, daidai da duk buƙatarsa in an cire firiji. Ɓarawon na cikin ɗaka. A mota, dabara ita ce kusan komai ya sha daga batir kai tsaye: fanka mai bolt 12, fitilu masu 12, firiji mai 12, soket na USB don wayoyi. Sai a ajiye ƙaramar inbata, wat 500 ta isa, a kunna ta lokacin talabijin ko kwamfuta, a kashe in an gama. A sayi mai wuta sumul. Ta arhar nan mai wuta a kakkarye ita ke sa fanka kuka da zafi, tana kuma gajiyar da caja.

A nan muka yi doguwar jayayya a kan butar shayi. Kawu ya ga lamba 3,000 ya ɗauka an ba shi lasisi. Tafasa lita ɗaya ba wani ci ba ne, kimanin wat-awa 100 ne. Matsalar ita ce yadda ake jansa: butar mai wat 2,000 ce, a kan batirin 12 tana fizgar amfiya wajen 180 lokaci guda, kamar a ce jama'ar unguwa su fita ta ƙofar zaure tare. Haka dutsen guga. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a bar zancenta: ƙarama mai doki ɗaya na jan wajen wat 800, dare guda sama da 6,000, rufin bas ba zai ɗauki gonar da za ta ciyar da ita ba.

Wannan lissafin amfiya shi ya kai mu ga waya, abin da ya fi komai arha a cikin kayan kuma ya fi komai haɗari. Wat 1,000 a wutar gida amfiya huɗu da 'yan kai ce, siririyar waya ta ɗauke ta. Wat 1,000 ɗin nan a bolt 12 ta kusa amfiya 100. Mai wayarin ɗin da ya yi wa Kawu aiki ya saba da gidaje, ya haɗa batir da inbata da wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5, wadda aikinta bai wuce amfiya ashirin da wani abu ba. Na samu robar ta yi laushi ta canza kala. Irin wannan wuri waya mai kauri 25 zuwa 35 ake sawa, gajeriya iya yiwuwa, bakinta a matse da kan tagulla, ba a murɗa da filaya a naɗe da salatif ba. A kankare bakin wayar kafin a biya: idan cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa tagulla.

Kuma babu fis ko ɗaya a duk haɗin. Mutane na ganin bolt 12 ba ya jan mutum, sai su raina shi. Ba ya ja, amma yana ƙonawa. Batir na iya zubo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido idan jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, wayar ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin katifa. Fis waya yake karewa, ba na'ura ba, don haka wurinsa dab da kan batir mai alamar tarawa, kada ya wuce taƙi ɗaya, girmansa kuma daidai da abin da wayar ke iya ɗauka. Kowane reshe, na fanka, na firiji, na fitilu, da nasa ƙarami. Duk inda waya ta ratsa hujin ƙarfe a sa mata zoben roba, domin hanyar Gada ba ta san wasa ba, abin da bai goge yau ba zai goge bayan wata uku. Haka kusoshin farantin da ke sama, a riƙa bin su da sifana.

Mai mota yana da wata gona ta biyu da mai bukka ba shi da ita: altaneta. Akwai caja ta musamman da ake sawa tsakanin batirin inji da batirin ɗaki, tana ɗiban amfiya 20 ko 30 idan inji na aiki, ta rufe ƙofa idan ya tsaya. Tafiyar awa biyu da mai 30 na zuba wat-awa sama da 800, fiye da rabin cin yini. A watan Agusta, idan hadari ya rufe gari kwana biyu a jere, ko a tsakiyar hazo, ita ce ke fid da kai. Abin da ba a yi shi ne haɗa batiran biyu da waya tsirara. In na dalma ne, firiji zai shanye har na tayar da inji, a wayi gari ana neman masu turi. In litiyam ne, yana zuƙa ba ƙoshi har altanetar ta ɗau zafi ta ƙone.

Bayan an sake komai, faranti mai 400 na gaske, MPPT mai 40, litiyam mai 150, kowace waya da fis ɗinta, tsohuwar inbatar kuma aka kai ta gida, saura matsala ɗaya da lissafi bai warware ba. Faranti rana yake so, mutum da batir da firiji inuwa suke so, kuma duk a jikin mota ɗaya suke. A Wurno akwai wani itacen dogon yaro da Kawu ya saba fakewa ƙarƙashinsa tun kafin a san sola, ya ce ba zai bar shi don gilashi ba. Abin da muka yi shi ne ƙaramin faranti na biyu mai wat 150, da 'yar kwantirolarsa daban da waya mai kauri mai tsawon mita goma. Idan ya shiga inuwa sai yaron mota ya fito da shi ya jingina a rana, ya sa masa kwaɗo da sarƙa a jikin turke. Wanda ke sama kuma ya yi nasa aikin da safe da lokacin tafiya.

Shayin dai a kan gawayi ake dafa shi, a waje, kamar da. Butar lantarkin tana nan cikin akwati bai yar ba, kuma duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni ko an fito da batirin da zai ɗauke ta.